Shekarar da Katsina Ta Fi Kowace Jiha Zaman Lafiya a Takarda

A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar kan laifuffukan da aka kai gaban 'yan sanda a shekarar 2016, an ƙirga ƙararraki 125,790 a faɗin Najeriya. Legas kaɗai ta kwashi 45,385. Katsina ce ta zo ƙarshe da 120, Zamfara kuwa tana cikin jihohi ukun da suka fi ƙarancin laifi, da 483. Da a ce wani ma'aikaci ya dogara da wannan jadawali wajen zaɓar mazauni tsakanin Ikeja da Faskari, da Faskari zai kai iyalinsa. Alhali shekara biyu kafin nan, a watan Maris na 2014, 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, wata guda bayan haka kuma suka hallaka fiye da mutum 100 a 'Yar Galadima ta Zamfara.

Tushen wannan saɓani daɗaɗɗe ne. A zamanin En'e, wanda aka sace wa saniya a ƙasar Danja ko Bakori wurin mai unguwa yake fara zuwa, daga nan dagaci, sai hakimi, in magana ta yi tsawo a dangana da alƙali. Dogarai da 'yan doka ne ke kamo mai laifi, kuma ga sarki suke amsawa. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya, ta kuma raba kotunan alƙalai da ikon sarakuna. Littafin rajista ya koma caji ofis, amma ƙafar talaka ba ta bi shi ba. Har yau kukan manomi ya fi zuwa wurin dagaci ko 'yan banga, na makiyayi wurin arɗo. Iyalin da ke harhaɗa kuɗin fansa kuwa sukan ɓoye zancen da gangan, don tsoron kada a taɓa wanda ke hannu. Abin da lambar 120 ta auna shi ne yawan mutanen da suka ga amfanin takawa zuwa wurin 'yan sanda, da kuma himmar wanda ya aika da lissafi Abuja.

Turai ta riga ta ci karo da wannan. Faransa ta fara buga alƙaluman shari'un laifi a 1827, kuma masanin lissafi ɗan Beljiyam Adolphe Quetelet, wanda ya gina nazarinsa a kansu, ya yarda cewa ba su da amfani sai idan rabon laifin da aka sani da wanda ya ɓuya bai sauyawa. Tsakanin Legas da Katsina wannan sharaɗi bai cika ba ko kusa. Maganin da Amurka ta ɓullo da shi a 1973 shi ne bin mutane gida-gida ana tambayarsu abin da ya same su. Da NBS ta fitar da irin wannan bincike a Disamban 2024, sai hoton ya kife: Arewa maso Yamma ce ta fi kowace shiyya yawan laifi, an kuma ƙiyasta kuɗin fansar da aka biya cikin shekara guda a kan naira tiriliyan 2.23. Wasu alƙaluman rahoton, musamman na kisa, sun yi yawan da masana da dama suka ƙi amincewa da su. Ko an yi musu ragi mai yawa, sun fi kusa da abin da mutanen yankin suka sani fiye da 120.

Ga mai tunanin zama a Danja, akwai matsala ta biyu, wato faɗin ma'auni. Jiha mai ƙananan hukumomi 34 ba ta da yanayin tsaro guda. Shekaru da dama gwamnatin Katsina tana lissafa takwas a matsayin na bakin daga: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Ɗandume da Sabuwa, duk a gefen yamma, kusa da dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Birnin Gwari. Danja, ƙasar rake da tumatir da ke iyaka da Jihar Kaduna, ba ta cikin jerin. Sai dai jeri a tsaye yake, haɗari kuwa tafiya yake yi. A Disamban 2020 aka kwashi ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, daga baya hare-hare suka gangaro Funtuwa da Bakori har suka taɓa ƙauyukan Danja. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Sanarwar farko ta ce mutum 13 ne suka rasu. Ba da jimawa ba ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin ya ce 50. Hari guda ke nan, wanda duniya ta ji labarinsa.

Shi ya sa ɗan ƙasa yake da nasa ma'aunin, wanda ya fi na Abuja kaifi ko da yake ba a rubuta shi: iya nisan gonar da aka nome bana, ƙarfe nawa motar ƙarshe ke barin tasha, gidaje nawa a cikin gari suka cika da dangin da suka baro ƙauye. Kakanninsu a ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari ƙasar Katsina, ganuwar gari suke fara dubawa.

Wani lokacin ma matakin tsaro ne da kansa ke share lissafi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Kusan wata uku, ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da hanyar kiran kowa, sai gari ya waye a tura wani ya taka.