Tafiyar Jarumi a Tsofaffin Labarai da Sababbi: Abin Lura ga Makarantun Yola da Jimeta

Tun da Joseph Campbell ya fitar da littafinsa a 1949, manazarta adabi suka saba raba labarin jarumi gida uku: fita daga gida, shan gwagwarmaya, sannan komowa da abin da aka tafi nema. Wannan ma'auni yana da amfani a aji, amma idan aka ɗora shi a kan labaranmu, ba ko'ina yake zama daram ba.

A ɗauki labarin Bayajida. Ya baro Bagadaza, ya ratsa Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Bai koma gida ba. Inda ya sauka nan ya zama gida. A tatsuniyar Ruwan Bagaja kuwa jarumar ma yarinya ce, 'yar bora, wadda ladabi da haƙuri ne makamanta, ta kuma dawo da dukiya.

Da Hukumar Fassara ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933 ƙarƙashin Rupert East, Abubakar Imam ya ari sunan wannan tatsuniya ya sauya mata kama. Alhaji Imam na littafin Ruwan Bagaja ya fita neman ruwan ne don ya wanke Liman daga kunyar da ya sha a fada, amma a hanya wayo da dabara ne jarinsa, shi da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Ladabin 'yar bora ya kau, barkwanci ya shigo. Gandoki na Bello Kagara ya fi wannan nauyi: jarumin ya gwabza da Turawa, ya yi gabas har ƙasar aljannu, ya komo ya tarar da zamanin da ba nasa ba.

A nan ne malamin Adamawa yake da abin da takwaransa na Kano ba shi da shi. Modibbo Adama ya tafi Borno neman ilimi, ya je wurin Shaihu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓo tuta, ya zauna a Gurin da Ribaɗu kafin ya kafa Yola a 1841. Masu ba da tarihinsa da baki kan jera shi kamar labarin jarumi, kuma shi kansa East ya tattara irin waɗannan labarai da Fulfulde a littafinsa Stories of Old Adamawa. Ga kuma Lamiɗo Zubairu, wanda ya bar Yola da Turawan Ingila suka ci garin a 1901, ya kara da Jamusawa, aka kashe shi a 1903. Abin da Kagara ya ba Gandoki a ƙage, wato komowa gida, tarihi ya hana Zubairu.

Ra'ayinmu shi ne manhaja ta ba malami damar jera Gandoki da Zubairu a darasi guda, musamman a Jimeta, inda ɗalibai da yawa Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, Daura kuma ta yi musu nisa. Sai dai a kiyaye: Zubairu mutum ne da ya rayu, zuriyar gidansa na nan a Yola. Kada a ce wa yara su nemo masa aljani mai taimako don a cike gurbin Campbell.