Matse Fayilolin Sauti Marasa Asara: Nazarin Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake mayar da fayilolin sauti marasa asara, irin su WAV da FLAC, zuwa ƙananan fayiloli irin su MP3 da AAC da Opus. An bi hanya biyu: lissafin girman fayil daga ƙa'idojin tsare-tsaren, da bayanin yadda manhajar matsewa ke zaɓen abin da za ta zubar. Maƙalar ta nuna cewa matsewa sau ɗaya daga asali ba ta cika yin lahanin da kunne zai ji ba. Ɓarnar tana zuwa ne daga maimaita matsewa da kuma zubar da asalin.

Gabatarwa

Tsarin faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1980, yana auna sauti sau 44,100 a sakan guda, kowane awo yana cin bit 16, a hanyoyi biyu na dama da hagu. Idan aka haɗa, ana samun kilobit 1,411 a sakan. Awa guda ta irin wannan sauti tana cin megabait 635 ko kusa da haka. Wannan shi ne nauyin da fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, yake ɗauka. Mai ƙaramin katin ajiya, ko mai sayen data da kuɗin aljihunsa, ba zai iya da wannan nauyi ba, shi ya sa matsewa ta zama dole.

Matsewa iri biyu ce, kuma rikita su shi ne tushen yawancin kurakurai. Iri na farko ba shi da asara: tsarin FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2001, yana hasashen kowane awo daga waɗanda suka gabace shi, sai ya ajiye bambancin kawai. Yakan rage fayil zuwa kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na girmansa, kuma idan aka warware shi, kowane bit yana dawowa yadda yake, kamar ninke tabarma a sake shimfiɗa ta. Iri na biyu kuwa, irin na MP3, yanka ne, abin da aka yanke ba ya dawowa.

Yadda ake zaɓen abin zubarwa

An tabbatar da MP3 a matsayin ƙa'idar duniya a 1993, bayan aikin da Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suka jagoranta a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus. Dabarar ta dogara ne ga raunin kunnen ɗan Adam. Kunne mai lafiya yana jin kaɗawar sauti daga 20 zuwa 20,000 a sakan, amma ba daidai yake jin su ba. Ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000, kuma saman zangon yana raguwa da shekaru. Abu mafi muhimmanci shi ne danniya: sauti mai ƙarfi yana danne mai rauni da ke kusa da shi a zango, har kunne ya kasa jin sa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin raɗa kusa da makaɗa ya san haka. Danniyar tana ci gaba na ɗan lokaci bayan sauti mai ƙarfin ya wuce, amma kafin zuwansa ɗan taƙi ne kawai take rufewa.

Manhajar MP3 tana yanka sautin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa awo 1,152, ta rarraba ta bisa zangon kaɗawa, sannan ta ƙiyasta inda danniya za ta ɓoye kuskure. A nan take rage daidaiton lambobi. Ragewar tana haifar da ƙura a cikin sautin, gwanintar manhajar kuwa ita ce ta tura ƙurar ƙarƙashin sauti mai ƙarfi inda ba za a ji ta ba. Idan bit ɗin da aka ba ta sun yi kaɗan, ƙurar sai ta leƙo.

Inda take fara leƙowa shi ne wajen sauti mai faɗowa kwatsam. Kuskuren yana bazuwa cikin gunduwar gaba ɗaya, har zuwa shirun da ya gabaci bugun, sai a ji wani ɗan huci kafin bugun ya sauka. MP3 yana sauya zuwa gajerun gunduwoyi don rage wannan, amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya. Wannan batu ya shafi kiɗanmu kai tsaye. Kalangun da ke bin waƙoƙin Mamman Shata, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, duk sauti ne na bugu da tsinka, irin wanda ya fi wahalar da manhajar matsewa. Haka kuma a magana, fashewar ƙ da ts gajeriya ce mai kaifi. Mai nazarin furuci da ke auna waɗannan baƙaƙe bai kamata ya dogara da fayil ɗin da aka matse ba, ko da kunne bai ji bambanci ba, domin abin da na'ura ke aunawa ya riga ya sauya.

Lissafi da zaɓin tsari

Awa guda a MP3 mai kilobit 320, wanda shi ne ƙololuwar tsarin, tana cin megabait 144. A kilobit 128 tana cin 57.6, wato kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na asalin. A wannan mataki manhajoji da yawa suna datse abin da ya haura kaɗawa 16,000 ko kusa da haka, kuma ana ganin datsewar a hoton zangon sauti kamar an ja layi da rula. Manhajar LAME, wadda ta fi shahara wajen yin MP3, tana da tsarin da yawan bit ke hawa da sauka bisa wahalar sautin. Matakinta na V2 yakan tsaya kusan kilobit 190, kuma a ra'ayin mai wannan maƙala ya ishi kiɗa.

AAC, wanda ya fito a 1997, yakan fi MP3 inganci idan bit suka yi ƙaranci. Opus kuma, wanda aka tabbatar a 2012, ya haɗa dabarar magana ta SILK da dabarar kiɗa ta CELT, yana aiki daga kilobit 6 zuwa 510, kuma da shi WhatsApp ke aika saƙon murya. Karatu ko lacca ta awa guda a Opus mai kilobit 32 megabait 14.4 kawai take ci, muryar kuma tana fita sarai idan asalin mai kyau ne. Fifikon MP3 da ya rage shi ne kusan kowace rediyo mai cin kati da kowace ƙaramar waya tana karanta shi, kuma an daina karɓar kuɗin lasisinsa tun 2017.

Ba a yanke hukuncin inganci da zato. Hanyar da aka amince da ita ita ce gwajin ABX: a ba mai sauraro asali da kwafi, sannan a ba shi na uku ba tare da ya san wanne ne ba, ya faɗa, a maimaita sau da yawa. Idan dacensa bai wuce na mai canki ba, matsewar ta wadatar.

Maimaita matsewa

Nan ne babbar asarar take. Kowace matsewa mai asara tana ɗaukar ƙurar da ta baya ta bari a matsayin sauti na gaskiya, ta ƙara tata a kai. Tsohon kaset na tafsiri ko na waƙar baka ana juya shi zuwa MP3, wani ya yanke shi ya sake ajiyewa, wani ya ɗora a YouTube inda ake sake matse shi, wani ya sauko da shi ya mayar MP3, sannan ya isa shagon masu turi a kasuwa. Kwafa daga kati zuwa kati ba ta rage komai. Sake matsewa ce ke ragewa. Mayar da MP3 zuwa FLAC ko ɗaga shi daga 128 zuwa 320 ba ya dawo da ko ƙwayar sauti ɗaya, girma kawai yake ƙarawa.

Saboda haka ne ƙungiyar IASA ta ma'ajiyar sauti ta duniya ba ta yarda da matsewa mai asara ga kwafin ajiya ba, kuma ta ba da shawarar a juya tsofaffin faya-fayai a awo 96,000 a sakan da bit 24, kada a gaza 48,000. FLAC yana da wani amfani ga mai ajiya: yana ɗauke da hatimin lissafi na MD5 da ke nuna ko fayil ya lalace. Bayanan cikinsa kuma suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ, alhali tsohon tsarin lakabin MP3 na ID3v1 ba ya ɗaukar su, sunan mawaƙi sai ya fito a gurguje.

Shawara

Kira ga gidajen rediyo da sassan nazarin harsuna da duk wanda ke riƙe da kaset ɗin da babu irinsa: a juya shi sau ɗaya zuwa WAV ko FLAC, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, a rubuta sunan mai magana da wuri da shekara. Duk gyaran da za a yi, a yi shi a kan kwafin mara asara. Daga shi za a riƙa fitar da MP3 ko Opus don rabawa jama'a, kuma kada a goge shi don an ga ƙaramin ya yi daɗin ji.