Tikitin Je-ka-ka-dawo: Asalin Arahar Fito Tsakanin Dover da Calais

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a bakin Kwara ko Binuwai ya san lissafin fito: ka haye ka biya, in za ka dawo ka sake biya. A mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa, lissafin ya daɗe da juyewa. Tsakanin tashar Dover ta Ingila da ta Calais a Faransa, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ruwa, sau da yawa wanda ya sayi tikitin zuwa da dawowa a yini guda yakan biya ƙasa da wanda ya sayi na zuwa kaɗai. Har kamfanoni sukan rubuta a sharuɗɗansu cewa in ka yanki na je-ka-ka-dawo ka ƙi dawowa, za su bi ka cikon kuɗin. Wannan araha tana da tarihi, kuma a kowane zamani akwai wanda ya biya ta a madadin fasinja.

Faɗin ruwan a inda ya fi ƙuntata bai wuce kilomita 34 ba, har in gari ya yi garau mutumin da ke gaɓar Faransa yakan hango fararen duwatsun Dover. Amma a da sai yadda iska ta yi da matafiyi, don jiragen filafilai ne ke fiton. A 1821 jirgi mai aiki da tururi, Rob Roy, ya fara zirga-zirga a hanyar, daga nan aka soma sanin lokacin tashi da na isa. Layin dogo daga Landan ya iso Dover a 1844, sannu a hankali fiton ya koma hannun kamfanonin jirgin ƙasa. Su ne masu jiragen, su ne masu yanke farashi, kuma sukan yi rangwame ga masu yawon yini.

Wanda ya fara karya musu ƙwarin gwiwa wani tsohon hafsan soja ne, Kyaftin Stuart Townsend. A lokacin, in kana son kai motarka Faransa, sai injin ɗaga kaya ya ɗauke ta kamar buhu ya ajiye cikin jirgi, ga tsada, ga ɓarna. Motarsa ta lalace a irin wannan lodin, abin ya ɓata masa rai. A 1928 ya yi hayar wani jirgin dakon kwal mai suna Artificer, ya shiga ɗaukar motoci a kan kuɗin da ya yi ƙasa sosai da na kamfanin jirgin ƙasa. A 1936 ma'aikatan tashar Calais suka shiga yajin aiki, babu mai ɗaga mota. Sai jirginsa Forde ya jingina bayansa da gaɓa, aka tuƙa motocin suka fita da ƙafafunsu. Dabarar da tilas ta haifar ita ce ta zama tsarin fito na zamani, ko da yake sai a 1953 Dover ta buɗe gadar da mota ke bi ta shiga jirgi kai tsaye. Daga ranar ribar jirgi ta koma kan abu ɗaya: sau nawa zai je ya dawo kafin gari ya waye.

Shekarun 1970 da 1980 na gasa ne. Ga Sealink na hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya da abokan hulɗarta na Faransa, ga Townsend Thoresen, ga kuma hobakiraf, wanda ke shawagi bisa matashin iska ya haye cikin kusan minti 35. Kowa na neman rage lokacin tsayuwa a tasha. Ranar 6 ga Maris 1987 jirgin Townsend Thoresen mai suna Herald of Free Enterprise, wanda tun asali don hanyar Dover da Calais aka ƙera shi, ya tashi daga Zeebrugge ta Beljiyam da ƙofofin gabansa a buɗe. Ruwa ya cika inda motoci suke, jirgin ya kife nan take, mutum 193 suka rasu. Da yawansu masu yawon yini ne da suka sami tikitin rangwame ta hanyar wata jarida. Binciken da aka yi ya ɗora laifin sakaci kan kamfanin daga sama har ƙasa. P&O, wanda bai daɗe da sayen kamfanin ba, ya goge tsohon sunan daga jikin jiragen kafin shekarar ta ƙare.

Arahar da tsofaffin matafiya ke ba da labari har yau ta shekarun 1990 ce, kuma abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko, daga 1 ga Janairu 1993 kasuwar bai-ɗaya ta Turai ta fara aiki, Baturen Ingila ya sami damar sayen kaya a Faransa ya kawo gida ba tare da sabon haraji ba, muddin don amfanin kansa ne. Ma'aunin da 'yan kwastan ke dubawa ya kai lita 110 na giya, lita 90 na ruwan inabi mai sa maye, da karan sigari 800, alhali harajin barasa a Faransa bai kai na Ingila ba ko kusa. Na biyu, a watan Mayun 1994 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50, wadda ke haye da mota cikin minti 35. Masu jiragen ruwa suka ga kasuwa za ta suɓuce, suka shiga karya farashi, har jaridu na raba takardun da mai tafiya a ƙafa zai je Faransa ya dawo a kan fam ɗaya.

Fam ɗaya ba ya sayen man jirgi, kowa ya sani. Sirrin yana cikin kantin da ke tsakiyar jirgin, inda ake sayar da barasa, taba da turare babu haraji. Tikitin kamar kiran kasuwa ne: a shigo da mutum, a riƙe shi awa uku zuwa da dawowa, ya kashe kuɗinsa a kanti da wurin cin abinci. Shi ya sa mai yawon yini ya fi mai tafiya hutun mako biyu daraja a idon kamfani ta wannan fuskar. Mai hutu dole ne ya haye, ko nawa aka ce zai biya. Mai yawon yini kuwa ba abin da ya tilasta shi, sai an lallashe shi, ga shi yana cike kujerun da za su tafi wayam a tsakiyar mako ko lokacin hunturu. 

Ranar 30 ga Yuni 1999 Tarayyar Turai ta soke sayar da kaya babu haraji a tafiye-tafiyen cikinta, ginshiƙin ya faɗi. Tun 1998 P&O da wani kamfanin fito, Stena, sun haɗe jiragensu a hanyar don su tsira. Hobakiraf ya daina aiki a 2000. Kamfanin Faransa SeaFrance ya durƙushe a 2012, MyFerryLink da ya gaje jiragensa bai wuce 2015 ba.

Yau kamfanoni uku ne a Dover: P&O Ferries, DFDS na ƙasar Denmark, da Irish Ferries da ya shigo a 2021. Mai kwatanta su zai tarar tsawon tafiya zuwa Calais kusan ɗaya ne, sai dai DFDS na da hanyar Dunkirk ta Faransa mai cin awa biyu. Bambancin yana wajen yawan tashi a yini, sauƙin canza lokaci, da sa'ar da ka zaɓa, don farashi yanzu hawa da sauka yake kamar na jirgin sama. Mai tafiya a ƙafa, wanda a da ake zawarcinsa, ba kowane jirgi ke ɗaukarsa ba, saboda abin da ke ciyar da jiragen shi ne tireloli, fiye da miliyan biyu a shekara ta Dover kaɗai. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta dawo da kanti mara haraji a 2021, amma an rage ma'aunin zuwa lita 42 na giya da karan sigari 200. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke zaune a Ingila da fasfon ƙasarsa kuwa, sai ya nemi bizar shiga Faransa ko da yini ɗaya zai yi.

Da kanti ya gaza ɗaukar nauyin arahar, sai aka waiwayi ma'aikata. Ranar 17 ga Maris 2022 P&O Ferries, mallakin kamfanin DP World na Dubai, ya sallami ma'aikatan jirgi kusan 800 ta saƙon bidiyo, ba tare da sanarwa ba, ya maye gurbinsu da 'yan kwantaragi. Wasu sun shekara ashirin ko talatin suna wannan fito. Mako guda bayan haka shugaban kamfanin, Peter Hebblethwaite, ya amsa a gaban 'yan majalisar Birtaniya cewa da sani suka ƙi tuntuɓar ƙungiyoyin ƙwadago kamar yadda doka ta tanada, kuma matsakaicin albashin sababbin ma'aikatan fam 5.50 ne a awa, lokacin da mafi ƙarancin albashi a ƙasar yake fam 8.91. A 2023 Birtaniya da Faransa kowace ta yi dokar kare albashin ma'aikatan jiragen mashigin. Ta Birtaniya ta fara aiki a Disambar 2024, ta kuma shafi jiragen fiton da ke shiga tashar ƙasar aƙalla sau 120 a shekara.