Malamin Wasiƙa da Magajinsa a Dei-Dei

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Kubwa zuwa Zuba, ya ratsa Dei-Dei, inda kasuwar kayan gini da ta katako da ta dabbobi suka yi maƙwabtaka, lalle idonsa zai faɗa kan 'yan shagunan nan na bakin hanya masu kwamfuta da ƙaramin janareta, inda za ka tarar da dattijon da ya gama cinikin shanu na miliyoyin naira yana zaune a benci, yana jiran yaro sa'an jikansa ya cika masa takardar hukuma. Kayan aikin ne sababbi, amma sana'ar daɗaɗɗiya ce, domin ita ce ta malamin wasiƙa, wanda a zamanin En'e yakan zauna a inuwa kusa da gidan waya ko kotun alƙali, da alƙalaminsa da tawadarsa, yana mayar da kukan talaka zuwa harshen da ofis yake ji.

A wancan zamani takardar haraji ita ce shaidar mutum, matafiyi ba ya rabuwa da ita, kamar yadda makiyayi ba ya rabuwa da ta jangali, alhali kuwa ba don maslahar mai biya aka tsara su ba, sai don lissafin baitulmali ya daidaita. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, sai dai ɗabi'ar tsara takarda domin sauƙin mai karɓa ba ta soku ba; bin gwamnati ta yi zuwa Abuja sa'ad da aka tare a 1991, ta shiga kwamfuta ta zauna.

Aka yi rajistar katin ɗan ƙasa a 2003, kwangilar da aka ba kamfanin Sagem na Faransa ta ƙare da shari'ar cin hanci. Aka kafa hukumar NIMC mai rajistar 'yan ƙasa a 2007, lambar BVN ta banki ta biyo a 2014, sa'an nan a Disambar 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka yi umarni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa ko a rufe.

A nan mas'alar take. Bahaushe yana da sunan yanka, da sunan uba, da na gari, da laƙabin da kasuwa ta san shi da shi, fom kuwa gurbi uku ya tanada bisa al'adar wasu mutane dabam; saboda haka Muhammadu guda ɗaya ya zama Mohammed a banki, Muhammad a rajistar ɗan ƙasa, na'ura ta yanke hukunci cewa mutum biyu ne, ba kuwa za ta janye ba sai ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi. Wanda iyakar saninsa da haihuwarsa shi ne shekarar da aka kashe Sardauna, sai a rubuta masa 1 ga Janairu, har ka rantse rabin dattawan kasuwa rana ɗaya aka yi musu suna. Mafi ban tausayi shi ne leburan da ya shekara goma yana sauke siminti, wanda zanen yatsunsa ya shafe, ya ɗora hannu sau bakwai na'ura ta ƙi shaida shi. Indiya ma ta gamu da wannan a tsarinta na Aadhaar da ta soma a 2009.

A Ingila, tun 2011 gwamnati ta kafa ofishin tsara ayyukanta na intanet wanda ƙa'idarsa ta farko ita ce a fara da buƙatar mai amfani, a zauna kusa da shi a ga inda ya tuntuɓe kafin a ƙaddamar da kome. Abin da ya fi kusa da wannan hikima a wurinmu, a ganina, shi ne *346#, wadda ke fito wa mutum da lambarsa ta ɗan ƙasa ko a ƙaramar waya marar intanet. To, amma saƙon da Turanci yake zuwa, sai Alhaji ya miƙa wayar ga yaron shago ya ce, "Ɗana, karanta mini."