Muryar Bing Crosby da tsofaffin faya-fayan garmaho

Ranar 19 ga watan Maris na shekarar 1947, mawaƙin Amurka Bing Crosby ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a birnin Los Angeles domin ya sake rera wata waƙa da ya riga ya rera kusan shekara biyar baya. Waƙar ita ce "White Christmas", wadda Irving Berlin ya tsara, aka fara ɗaukar ta ranar 29 ga watan Mayu na 1942. Babu wani aibi da aka samu a rerawar farko. Abin da ya faru shi ne jama'a sun yi ta sayen faifan, kamfanin Decca ya yi ta bugawa, har ƙarfen asali da ake fitar da faya-fayai daga jikinsa ya cinye. Sai aka sake kiran makaɗan John Scott Trotter da ƴan amshin Ken Darby, waɗanda aka yi aikin farko da su, aka ce kowa ya maimaita abin da ya yi. Sun kusa dacewa, sai dai mai kunne yana jin sarewar da aka ƙara a mabuɗin ta biyu. Ita ce gidajen rediyo suka fi sakawa har yau. Ke nan waƙar da littafin Guinness ya ƙiyasta an sayar da kwafinta miliyan 50, yawancin masu sauraronta ba su san ainihin ta farko ba.

Kafin zuwan tef, allura ce take sassaƙa sauti kai tsaye a kan faifan kaki. Daga wannan kaki ake fitar da siffa ta ƙarfe ta hanyar lantarki, daga ita a fitar da wata da ake kira uwa, daga uwar kuma a samu ƙarfen da ke danna faya-fayan kasuwa. Su waɗannan ana yin su ne da wani irin ƙaro da ake samu daga ƙwaro a dazuzzukan Indiya, a gauraya shi da garin dutse. Faifan yana juyi 78 a minti guda, kuma mai faɗin santimita 25 ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a kowane gefe. Daga nan tsawon waƙar zamani ya samo ma'auninsa. Garin dutsen nan shi ne tushen shuuu ɗin da kowa ya san garmaho da shi. Allurar ƙarfe kuwa, duk sakawa sai ta ɗan kankare wani abu daga faifan.

An haifi Crosby a garin Tacoma a 1903, ya tashi a Spokane, ya yi faifansa na farko a 1926. Wannan shekara tana da muhimmanci. Har zuwa 1925 mawaƙi yana tsayawa ne gaban wani babban ƙaho ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, domin ƙarfin muryar kaɗai ke motsa allura. A shekarar ne kamfanonin Victor da Columbia suka karɓi fasahar Western Electric ta ɗaukar sauti da makirufo. Daga nan mutum ya samu damar rera waƙa ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa wani raɗa a kunne, a kuma ji shi sarai. Masu irin wannan salo su ne Turawa suka laƙaba wa suna "crooner". Ba kowa ya yi maraba da su ba: a 1932 babban limamin Katolika na Boston, William O'Connell, ya fito fili ya soki salon a matsayin lalacewar tarbiyya. Crosby, wanda ya yi ƙuruciyar sana'arsa a ƙungiyar makaɗan Paul Whiteman kafin ya tsaya da ƙafarsa a 1931, shi ne ya ba salon nauyi da mutunci, da muryarsa mai kauri da yadda yake furta kalmomi tamkar yana hira. Frank Sinatra bai ɓoye cewa shi ya sa shi sha'awar waƙa ba. A Faransa ma Jean Sablon ya hau dandali da makirufo a hannu a tsakiyar shekarun 1930, wasu ƴan kallo suka yi masa ba'a cewa ba shi da murya.

Laushin murya, wanda shi ne darajar salon, shi ne kuma ya sa gyaran tsofaffin faya-fayansa ya fi wuya. Mawaƙi mai kururuwa yana danne ƙarar faifai. Mai raɗa kuwa, numfashinsa da ƙarshen kalmominsa suna zaune ne wuri ɗaya da shuuu ɗin da ake son cirewa.

Abin mamaki, shi Crosby yana cikin waɗanda suka kawo ƙarshen zamanin kaki. Ba ya son a tilasta masa gabatar da shirin rediyo kai tsaye, gidan NBC kuma ya ƙi yarda da shirin da aka riga aka ɗauka, don haka ya koma ABC a 1946. Da farko a manyan faya-fayai ake ɗaukar shirin, ana kwafa daga wannan zuwa wancan wajen gyara, har sauti ya dushe, masu saurare suka fara raguwa. A daidai lokacin wani injiniyan soja mai suna Jack Mullin ya dawo daga Jamus da na'urori biyu na Magnetophon da ya samu bayan yaƙin duniya na biyu, tare da naɗin tef 50. Da su aka ɗauki shirin Crosby da aka watsa ranar 1 ga watan Oktoba na 1947. Crosby ya zuba dalar Amurka dubu 50 a wani ƙaramin kamfani mai suna Ampex, wanda ya fitar da na'urarsa ta farko a 1948. Saboda haka ayyukansa sun rabu gida biyu a wurin mai tarawa: na kafin ƙarshen shekarun 1940, waɗanda tushensu ƙarfe ne ko faifai, da na baya, waɗanda ke kan tef.

Sake fitar da tsofaffin waƙoƙi ya fara ne da zuwan dogon faifai a 1948, kuma ba a fara da ƙafar dama ba. Injiniyoyin lokacin sukan yanke duk sautin sama domin kashe ƙara, sai murya ta fito kamar daga cikin tulu. A shekarun 1960 aka ƙara wata ɓarnar: aka riƙa ɗaukar abin da aka naɗa da makirufo guda ana raba shi lasifika biyu, a ƙara masa amsa-kuwwa, a sayar da shi da sunan sitiriyo. A ganina wannan ya fi ƙarar garmaho muni, domin ƙarar ba ta yaudarar kowa. Da faifan CD ya fito a 1982, kwamfuta ta shiga aikin. Tsarin NoNoise ya bayyana a Amurka a 1987, sannan CEDAR a Kambirij a 1988, wanda ya samo asali daga bincike da aka yi tare da ma'ajiyar sauti ta ƙasar Birtaniya. Suna iya gano ƙas-ƙas ɗin karce su cire shi ba tare da taɓa waƙar ba, kuma a nan sun yi rawar gani. Amma inda aka matsa musu su share shuuu ɗin gaba ɗaya, sai suka tafi da iskar ɗakin da numfashin mawaƙin, aka bar murya a bushe.

Gwanayen aikin sun bi wata hanya mai cin rai. Baturen Ingila John R. T. Davies, wanda ya rasu a 2004, makaɗi ne kafin ya zama mai gyaran sauti, kuma an san shi da kankare ɗan ɗigon maganaɗisu daga jikin tef da hannu a daidai inda karce ya faɗo. Irinsu sun nuna cewa rabin aikin yana ƙarewa ne tun kafin a kunna kwamfuta: a samo faifai mafi lafiya, a wanke shi, a gwada allurai masu kauri dabam-dabam har a samu wadda ta taɓa ɓangaren ramin da bai cinye ba. Sai kuma batun gudu, domin juyi 78 ɗin nan suna ne kawai. Wasu faya-fayan an sassaƙa su a ƙasa da haka, wasu a sama, kuma ɗan bambancin yakan mayar da muryar dattijo ta saurayi. Kowane kamfani kuma yana da nasa ma'aunin daidaita sautin ƙasa da na sama, har sai da aka amince da ma'auni guda a 1954.

Mai tarawa yana da wata matsalar ta kasuwa. A Turai haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka shekara 50 ne kafin a tsawaita shi zuwa 70 a dokar 2011, wadda ba ta koma kan abin da wa'adinsa ya riga ya cika ba. Wannan ya buɗe ƙofa biyu. Ta ɗaya masu kishin abin suka shigo, kamar kamfanin Jonzo na Ingila da ya jera faya-fayan Crosby bisa tsarin kwanakin da aka ɗauke su. Ta ɗayar kuma ƴan neman riba suka cika kasuwa da CD masu araha da aka kwafo daga aikin wasu, babu kwanan wata, babu sunan makaɗa, babu bayanin tushe. Kalmar "an sabunta" a bayan kwali ba ta tabbatar da komai ba. Ɗan littafin da ke ciki shi ke nuna ko an yi aiki. Duk malamin da ya taɓa neman kaset mai kyau na Mamman Shata ko Ɗan Gurmu, ya tarar da kwafin kwafi ba tare da shekara ko wurin ɗauka ba, ya san zafin wannan rashi.

Ranar 1 ga watan Yuni na 2008 gobara ta tashi a harabar Universal da ke Hollywood, ta cinye wata ma'ajiya da ke ɗauke da asalin ayyukan kamfanoni da dama, har da Decca. Sai a 2019 mujallar jaridar New York Times ta bayyana girman asarar, ta ce abin da ya ƙone ya haura naɗi dubu 100, ta kuma ambaci Crosby cikin waɗanda abin ya shafa. Kamfanin ya musanta cewa ɓarnar ta kai haka. Ko ma yaya ne, faifan da wani ya adana a ɗakinsa shekara saba'in ya ƙara daraja, domin wani lokaci shi ne shaida mafi kusa da asali. Ma'ajiyar Internet Archive ta ɗauki aikin kwafe dubban irin waɗannan faya-fayai zuwa intanet, manyan kamfanoni suka maka ta kotu a 2023, "White Christmas" na cikin waƙoƙin da suka kafa hujja da su, aka sasanta a 2025.

Crosby ya rasu ranar 14 ga watan Oktoba na 1977 a kusa da Madrid, bayan ya gama wasan golf, kwana uku da ɗaukar waƙoƙinsa na ƙarshe a gidan BBC. Mutum ne mai ajiya. A gidansa na Hillsborough da ke Kaliforniya ya bar tarin tef da fina-finai a ɗakin ƙasa mai sanyi, inda suka zauna lafiya shekaru da yawa. A 2009 kamfanin Mosaic ya fitar da CD bakwai masu waƙoƙi 160 da ya rera wa rediyon CBS tsakanin 1954 da 1956, shi da Buddy Cole da ƴan makaɗa kaɗan. Yawancinsu ba a taɓa sayar da su a faifai ba a lokacin rayuwarsa.