Masu Bi a Ƙarshen Hanya: Ikilisiyar Ƙasar Maraɗi da Shekarun Hargitsi

Hanyar da ke kai matafiyi Dakoro, a wajajen Tsibiri take rabuwa da babban titi, ta miƙe arewa, ta ratsa ƙasar Kornaka, har ta kai inda gonakin hatsi ke fara sakar wa makiyaya fili. Tsakanin Maraɗi da Dakoro tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka. A gindin wannan hanya, wato a Tsibirin Gobir, aka dasa addinin Kirista a wannan jaha. A ƙarshenta kuwa, kusa da kwarin Tarka, ɗaiɗaikun rassansa kaɗai suka kai. Wanda ke son gane abin da ya riƙe Kiristocin ƙasar Maraɗi a lokutan da al'amuran ikilisiyarsu suka dagule, gara ya tsaya can ƙarshen hanyar ya waiwayo, domin a can ba a iya dogara da babban gini ko ofishin shugabanni, sai dai da mutane ƙalilan da abin da ke tsakaninsu.

Jama'ar da muke zance a kanta ƙarama ce ƙwarai. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar duka ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Asalin mafi yawan na ƙasar Hausa yana komawa ga ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Samari uku ne suka soma ta a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko ciwo ya kashe su tun ba su kai ga komai ba. Sai a 1924 ƙungiyar ta samu zama a Damagaram, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare ta kafa gida a Tsibiri, inda sunan David Osborne ya daɗe a bakin tsofaffi.

Zaɓen Tsibiri ba haka kawai ba ne. Gari ne da Gobirawa suka kafa a 1836 bayan sun ƙi miƙa wuya ga Sakkwato, kuma a karkararsa akwai Arna masu riƙe da al'adun kakanni. Ƴan mishan sun ɗauka a cikin Arna za su samu girbi. Ba haka abin ya zama ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a kan wannan jama'a a 2006, ta nuna cewa da yawa daga cikin masu bi na farko daga gidajen Musulmi suka fito. Mai karatu ya riƙe wannan batu da kyau, domin shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya: Kiristan Maraɗi ba baƙo ba ne da ya zo daga bakin teku. Kawunsa liman ne, gwaggonsa tana azumi, ƙanwarsa tana aure a gidan malamai.

Abu na biyu shi ne harshe. Ƴan mishan ɗin masu jin Ingilishi ne, daga Kanada da Amurka da Ingila da makamantansu, kuma ta Najeriya suke shigowa. Faransancinsu bai taka kara ya karya ba, saboda haka da Hausa suka yi aiki. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma littattafan waƙa da na koyon karatu daga Najeriya suke zuwa. Wannan ya sa Turawan Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba. Da aka shiga yaƙin duniya na biyu, daga 1940 zuwa 1942, mulkin Afirka ta Yamma ta Faransa yana hannun gwamnatin Vishi, wadda ke gaba da Ingila. Iyaka ta yi tsauri, ana yi wa duk mai jin Ingilishi kallon ɗan leƙen asiri. Wannan ne hargitsi na farko da ƴar ƙaramar jama'ar ta gani, kuma a cikinsa ta gane cewa Bature na iya rasa bakin magana, amma littafin da ke cikin harshenta ba ya buƙatar izinin kumandan kafin a buɗe shi.

Bayan yaƙi mishan ta faɗaɗa. An buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956, ga kuma makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Amma akwai ƙorafin da ya daɗe yana cin masu bi a rai. Mishan ta fi son ta horar da masu wa'azi da Hausa, ta yi jinkiri wajen ba ƴaƴansu irin ilimin lakwal mai takardar shaida ta Faransanci, wanda shi kaɗai ke kai mutum ga aikin gwamnati. A ganina wannan kuskure ne mai tsada, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Da mulkin kai ya zo a 1960, aka kafa ikilisiyar ƴan ƙasa, Église Évangélique de la République du Niger, wato EERN, kamar yadda aka kafa ECWA a Najeriya tun 1954. Suna ya koma hannun ƴan ƙasa, amma kuɗi da motoci da asibitoci suka ci gaba da zama a hannun mishan. Tuwo na mai gida ne, miya kuwa ta maƙwabci.

Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 zuwa 1985. Ƙasar Dakoro tana cikin inda abin ya fi muni, domin nan ne noma da kiwo suke haɗuwa, kuma duka biyun suka faɗi tare: rumbu ya bushe, garken Fulani da na Buzaye suka ƙare. Taimako ya kwararo daga waje, kuma wani kaso nasa ta hannun ƙungiyoyin Kirista ya bi. An samu alheri mai ɗorewa a ciki. A wannan zamani ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da SIM a Maraɗi, ya fara jawo hankalin manoma su bar kututturan itatuwa su sake toho a gonakinsu, dabarar da aka sa wa suna sassaben zamani, wadda Musulmi da Kirista suka amfana da ita ba bambanci. Amma fari ya koya wa shugabannin ikilisiya wani abu kuma: akwai masu ba da kuɗi a Turai da Amurka ban da SIM, kuma ana iya zuwa wurinsu kai tsaye.

Daga nan ne babbar ɓaraka ta taso. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, EERN ta dare gida uku. Ita kanta ta ci gaba da sunanta; wasu suka kafa Union des Églises Évangéliques Protestantes du Niger, wato UEEPN; wasu kuma suka kafa Église Évangélique Salama du Niger. Abin lura shi ne ba a kan aƙida aka rabu ba. Babu wanda ya ce wani ya canja littafi ko ya sauya baftisma. A kan shugabanci ne, da kuɗin taimako da yadda ake kashe su, da matsayin da ya kamata mishan ta riƙe, ga kuma tsohuwar gasa tsakanin garuruwa da manyan gidaje. Ƙasar ma kanta a lokacin tana tafasa. Seyni Kountché ya rasu a 1987, Ali Saibou ya sassauta, aka yi babban taron ƙasa a Yamai daga Yuli zuwa Nuwamba na 1991, kowa ya samu damar kafa ƙungiyarsa. A cikin Musulmin Maraɗi ma a shekarun nan ne Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi har masallatai suka rabu. Iska ɗaya ce ta kaɗa gidajen biyu.

Ina ganin wannan rabuwa ta fi duk gobarar da ta biyo baya zafi, ga dalili. Jama'ar da ba ta da yawa, aure a cikinta yake zagayawa. Ɗan Tsibiri ya auri ƴar Damagaram, ƴar Dogon Dutsi tana gidan mutumin Maraɗi. Da aka rabu, tsagar ba tsakanin baƙi ta bi ba, ta tsakar gida ta ratsa: suruki a wannan ɓangare, siriki a wancan. Mutumin da ya riga ya jure fushin danginsa saboda ya zama mai bi, ya ɗauki ikilisiya a matsayin sabon dangi, sai ga shi sabon dangin ma ya watse. Wanda wuta ta ci wa gida maƙwabta na zuwa yi masa jaje. Wanda ɗan'uwansa ya daina gaishe shi, wa zai kai wa kuka?

A nan ne tsayawa a ƙarshen hanya ke da amfani. A gari irin Dakoro, ko a ƙauyukan da ke bayansa, Kirista sau da yawa ma'aikaci ne da aka turo: malamin lakwal, ma'aikacin jinya, jandarma, ko mai aikin wata ƙungiyar agaji, irin waɗanda suka cika garin a yunwar 2005, lokacin da likitocin Médecins Sans Frontières suka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a can. A Maraɗi mutum na iya zaɓen majami'ar da ta dace da ɓangarensa, ya wuce ta ɗayan ɓangaren bai ko waiwaya ba. Inda masu bi ba su cika tabarma biyu ba, wannan alfarma babu ita. In aka tsaya tambayar wane ne na EERN, wane ne na Salama, wane ne Katolika, to ranar Lahadi kowa shi kaɗai zai zauna a ɗakinsa. Ƙarancin da ake gani rauni ne, shi ya hana gardamar manya samun wurin zama.

Sannan akwai mata. Tarurrukan da aka yi rigima a cikinsu na maza ne, takardun da aka sa wa hannu na maza ne. Zumuntar mata kuwa, wadda ke haɗuwa a tsakiyar mako da waƙa da ganga da ɗan asusu, aikinta bai tsaya ba, domin haihuwa da suna da biki da rasuwa ba sa jiran shugabanni su shirya. Matar da za ta je barka ba ta tambayar sunan ikilisiyar mai jego. Haka kuma ba ta daina kai wa ƴar'uwarta Musulma gudummawar biki ba, ita ma ba ta daina aiko mata da naman layya ba. Kalmar da jama'ar ta riƙe tun farko, zumunta, ba daga Turanci aka fassaro ta ba. Tsohuwar kalmar Hausa ce, kuma Hausawa sun ce a ƙafa take. Shugabannin ma daga bisani sun samu inuwar da suke haɗuwa, wato ƙawancen mishan da ikilisiyoyin bishara na Nijar da ake kira AMEEN, ko da yake sunaye ukun ba su sake zama ɗaya ba.

Shekarun 1990 sun kawo sababbin ikilisiyoyi masu zafin wa'azi da kiɗa da addu'ar warkarwa, irin su Vie Abondante a Maraɗi, wadda ke wa'azi da Hausa a rediyo. Matasa da yawa sun koma can, tsofaffin masu bi kuwa, waɗanda suka saba da taka tsantsan, suna kallon abin da fargaba. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya shirya kusa da Yamai, ta rikiɗe a Maraɗi. Aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka ƙona majami'ar Vie Abondante, aka kai hari harabar SIM. Lokacin bai fi shekara guda da ƙaddamar da shari'a a Zamfara ba, kuma abin da ake faɗa a can ana jin sa a nan. Masu jifa ba su tambayi wace ikilisiya ce ta wane ɓangare ba. A shekarar da ta biyo, 2001, Katolika suka kafa dayosis na Maraɗi, da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishof, kuma ya zama dole duk waɗannan gidaje su koyi magana da hukuma da malamai da murya ɗaya.

Mafi muni ya zo a ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. An fara a Damagaram ranar Juma'a, Yamai ta ɗauka ranar Asabar. Mutum 10 suka rasu, kuma ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci a barikin soja suka kwana. Gwamnati ta ayyana makoki na kwana uku. Cikin labaran da suka fito bayan ƙura ta lafa akwai na Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu, wanda ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tuna daga waɗanne gidaje masu bi na farko suka fito. Da yawan ikilisiyoyin da aka ƙona sun yi sujadar makonnin da suka biyo baya a ƙarƙashin rumfa, ko a cikin bangon da hayaƙi ya baƙanta.

A Yuni na 2019 abin ya sake taɓa Maraɗi. An kama wani limami saboda sukar da ya yi wa daftarin dokar tsara harkokin ibada, kuma a cikin daren masu zanga-zanga suka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta, alhali Kiristocin unguwar ba su suka rubuta daftarin ba, ba su suka kama limamin ba. Washegari aka sake shi, ya kira magoya bayansa su kwantar da hankali. Ranar 17 ga watan majalisar dokoki ta amince da dokar, wadda ta shafi masallaci da majami'a baki ɗaya.