Sunayen Bargo Da Tarihin Matan Gee's Bend

'Yar uwa, in an ce miki tsumma yana ba da labari za ki ce wasa ake yi. To gyara zama ki ji.

A jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani ƙauye na baƙar fata ana ce masa Gee's Bend, kogi ya kewaye shi ta ɓangare uku. Asalinsa gonar auduga ce da wani Bature Joseph Gee ya kafa a 1816. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, shi ya sa har gobe da yawa daga jikokin bayin da suka noma ta suke amsa sunan Pettway.

Talauci da sanyi su suka koya wa matan ɗinkin bargo. Sai su yanka tsofaffin kaya su harhaɗa ƙyallayen, su shimfiɗa auduga a tsakiya, su sa shafi a ƙasa, su bi da allura. Kowane salon haɗi kuwa da sunansa, kuma sunayen daga rayuwarsu suka fito.

Akwai wanda suke kira "Housetop", wato rufin ɗaki. Ƙyalle ɗaya ake sa wa a tsakiya, a yi ta kewaye shi layi bayan layi, kamar jerin itatuwan rufi da mace take gani in ta kwanta rigingine. Akwai "Lazy Gal", wato raguwar yarinya: dogayen ƙyallaye ne kawai a jere, ba wani wahalar yanka. Kin ji zolaya irin ta mata! Wanda kuma mace ta yi da basirarta ba ta bi zanen kowa ba, sai su ce "My Way", wato yadda na ga dama.

Akwai kuma na tsofaffin kayan aikin gona. Lokacin da mijin Missouri Pettway ya rasu, sai ta yayyanka kayan da yake zuwa gona da su, a 1942 ta haɗa bargon da za ta riƙa lulluɓa don tunawa da shi. Allah sarki!

Amma sunan da ya fi tsaya min a rai shi ne "Bricklayer", wato magini. Wannan salon, a sauran sassan Amurka "Courthouse Steps" ake ce masa, wato matakalar kotu. Ni dai a ganina ba abin mamaki ba ne. Kotun yankinsu tana garin Camden, a tsallaken kogi, can ake rajistar zaɓe. Da mutanen ƙauyen suka fara tsallakawa neman 'yancin ƙuri'a, sai aka tsayar da jirgin fito a 1962, bai dawo ba sai 2006. Matakalar da aka hana ki taka, ina za ki sa wa bargonki sunanta? Magini kuwa nasu ne, sun san zufarsa.

Daga baya duniya ta waiwaye su. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, sannan aka kai su New York. A 2006 hukumar gidan waya ta buga hotunan guda 10 a kan sarki. Kuma da sunayen da matan suka raɗa ake rubuta su, domin 'ya'ya sun riƙe abin da suka ji a bakin iyaye.

To mu fa? Ɗinkin babbar riga yana da aska biyu, yana da aska takwas, atamfofi ma mata sun sha laƙaba musu sunaye. Tsohuwar da ta san dalilin kowane suna tana nan a ɗakinta, ba mai tambayarta. Yau in kin sauke tukunya, ki je ki ce, "Iya, wannan zanen me kuke ce masa a zamaninku?" Ki ɗauki biro ki rubuta tun tana da bakin faɗa.